An yanke gonata don shingen ambaliya, kuma ba ni da takarda

Tambaya: Barista, gwamnati ta yanke rabin gonata don gina shingen tare ambaliya, aikin da aka ce Bankin Duniya ne ya ba da kuɗinsa. Gonar gado ce, ba ni da takardar mallaka, jami'an aikin kuma sun ce ba ni da diyya. Zan iya kai bankin kotu?

Amsa: Malam, Allah ya ba da haƙuri. Maganar kai bankin kotu ka ajiye ta tukuna. Gwamnatin da ta karɓi rancen ita ke gudanar da aikin, diyyarka tana wuyanta. Shi bankin yana da kariya mai ƙarfi daga shari'a. Masuntan Indiya da suka yi ƙarar IFC, reshen bankin mai ba kamfanoni bashi, sun kai har Kotun Ƙolin Amurka, ta ce a 2019 kariyar tana da iyaka, amma duk da haka daga baya aka kori ƙararsu.

Abin da zai ɗaure maka gindi shi ne sharuɗɗan rancen. Ayyukan da aka fara shiryawa daga Oktoban 2018 suna bin ƙa'idar bankin kan karɓar filayen mutane da biyan diyya, mai suna ESS5, kuma jami'an nan ko ba su karanta ta ba, ko sun yi biris. Ta amince da mai takarda, ta amince da wanda ba shi da ita amma dokar ƙasarsa za ta iya tabbatar masa da haƙƙinsa, inda gonar gado ta fi faɗawa. Waɗannan biyun ana biyansu kuɗin da zai maye gurbin abin da suka rasa, kafin a karɓe filin. Ko wanda ba shi da wata hujja sam, ana biyansa amfanin gona da bishiyoyi da gini, a taimaka masa ya sake tsayawa da ƙafarsa. Abin tsoro ɗaya shi ne ranar rufe ƙidayar masu haƙƙin diyya: ka tabbatar sunanka na cikin jerin waɗanda aikin ya shafa, in babu ka kawo shaidun cewa kana noman wurin tun kafin ranar.

Fara da rubuta ƙorafi ga ofishin aikin, ka karɓi kwafe mai tambari. In sun yi shiru, ka aika wa sashen sauraron ƙorafi na bankin. In nan ma babu amo, sai kwamitin bincike mai zaman kansa da ake kira Inspection Panel, wanda aka kafa a 1993. Mutum biyu sun isa, kyauta ne, kuma za ku iya neman a ɓoye sunayenku. Sai dai kwamitin ba ya yanke diyya, bankin yake bincika. A sabbin ayyuka, wata 15 bayan rufe rancen ƙofar ta rufe.

Kafin nan, ɗauki hoton gonar da abin da ke cikinta. Kada ka sa hannu a takardar da ta ce ka ba da filin kyauta, domin da ita za a toshe maka baki. Ka kuma nemi lauya ya duba wa'adin shigar da ƙarar gwamnati a ƙasarku, ƙorafi ga banki ba ya tsayar da shi.