Amsar tambayar Kawu kan nisan Katsina zuwa Jidda a jirgin sama

Assalamu alaikum warahmatullah. Kawu, barka da yamma, Allah ya ƙara girma. Na saurari tambayar da kuka yi a kan nisan Katsina zuwa Jidda, da dalilin da ya sa takardar tafiyar Hajiya ta nuna tashi ƙarfe 10 na dare, sauka kuma ƙarfe 5 na asuba, alhali an ce muku tafiyar ba ta kai awa bakwai ba.

Idan aka miƙe sak daga filin jirgin saman Umaru Musa 'Yar'aduwa zuwa Jidda, nisan ya kai kusan kilomita 3,500, zuwa Madina kuma kusan 3,600. Jirgin fasinja yakan ci kimanin kilomita 850 a awa guda idan ya daidaita a sama, don haka in aka haɗa da lokacin hawa da na sauka, tafiyar takan kama awa huɗu da rabi zuwa biyar.

Abin da ya kawo ruɗanin shi ne agogo. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, kuma a tikiti ana rubuta lokacin kowane gari ne da agogon garin. Jirgin da ya tashi ƙarfe 10 ya yi awa biyar a sama zai sauka ƙarfe 3 na dare a agogonmu, wanda a can ƙarfe 5 ne. A dawowa kuwa lissafin juyawa yake yi, sai takarda ta nuna kamar awa uku kawai aka yi, alhali tafiyar ba ta ragu ba.

Sai dai ina so a kula da wani abu, domin ya shafi dattawanmu kai tsaye. Miƙaƙƙiyar hanyar takan bi ta kudancin Nijar ne, ta ratsa Chadi da Sudan, sannan ta tsallaka Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 an rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazai suka koma kewaye, wanda ya ƙara tsawon tafiyar da kuɗin mai. Saboda haka kilomita 3,500 ɗin nan mafi ƙarancin nisa ne, kuma a ganina bai kamata a shirya wa tsohuwa tafiya a kansa kaɗai ba. A tambayi wakilin da ya yanki tikitin hanyar da jirgin zai bi, da ko zai ya da zango a wani gari, domin jiran canjin jirgi yakan fi zaman cikinsa gajiyarwa.

Maganinta na hawan jini ya kasance a jakar hannu, kada a saka shi cikin babban kaya. Allah ya kai ta lafiya, ya karɓi ibada.