Amsa kan dokar kafa jam'iyyu a wasan Nomic

Salam ɗan'uwa, na ga tambayarka cewa kuna so ku shigo da jam'iyyu cikin wasanku na Nomic, kana neman ta inda za ka fara rubuta ƙudurin. Mu ma mun yi a namu da muke bugawa nan Kano, yawancinmu 'yan Kabuga da Gwale ne, to bari in faɗa maka abin da na gani.

Saboda sabbin shiga, Nomic wasa ne da 'yan wasa ke kawo ƙudurin canza dokokinsa bi da bi ana kaɗa ƙuri'a a kai, Peter Suber ne ya ƙirƙiro shi, ya fito a 1982, dokokin farko 29 ne, 16 masu wuyar taɓawa daga 101 zuwa 116, sai 13 da ake canzawa daga 201 zuwa 213, wanda ya fara kai maki 100 shi ya ci. Babu zancen jam'iyya ko ɗaya a ciki, amma doka ta 116 ta ce abin da ba a hana ba ya halatta, kaga kenan ko yau mutum uku za su iya haɗa baki ba wanda zai ce musu kanzil. Don haka ka fara tambayar kanka me jam'iyyar za ta ba mutum wanda haɗa baki a ɓoye ba ya bayarwa, in suna ne kawai da tambari to kar ka wahalar da mutane da ƙuri'a.

Ni shawarata ka fara rubuta dokar fita kafin ta shiga. Shiga ba ta da wuya, mutum biyu ko uku su sanar, shikenan. Rigimar duk tana wajen sauya sheƙa, wlh a namu akwai wanda ya shiga jam'iyya ana gab da raba makin da suka tara, ya karɓi kasonsa ya yi gaba, kuma ba dokar da ya karya. Ko tsarin mulkinmu na 1999 sashe na 68 ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyarsa ya rasa kujera sai dai in jam'iyyar ta rabu, kuma kowa ya ga yadda ake bi ta wannan kafar a sulale. Kai ma kar ka rubuta "in jam'iyya ta rabu" ka yi shiru, ka faɗi wa zai riƙe sunan, wa zai riƙe asusun, in ba haka ba za ku maimaita santsi da taɓo na PRP a cikin wasa, kowane ɓangare na cewa shi ne na asali. Mu dai abin da ya zauna mana shi ne wanda ya fita ya bar kasonsa, kuma ba zai shiga wata ba sai layi ya zagayo sau ɗaya.

Sai doka ta 204, nan ne mutane ba sa lura. Da farko sai kowa ya yarda ƙuduri ke wucewa, amma da zarar an koma bin rinjaye, duk wanda ya ƙi ƙudurin da ya wuce yana samun maki 10. To jam'iyya mai mutum 6 cikin 9 ƙuri'a biyar kawai take buƙata, sai su dinga sa mutum ɗaya yana cewa a'a da gangan yana kwasar goma goma har ya kai ɗari. Ka toshe wannan, kuma ka rubuta ƙarara cewa dokarka ce ke rinjayar 204, domin a ƙarƙashin 211 in dokoki biyu suka ci karo mai ƙaramar lamba ce ke rinjaye, taka kuwa daga 301 za ta fara.

Maganar shugaba ya kaɗa ƙuri'a a madadin mambobi kuma gaskiya ban goyi baya ba, wasan mutuwa yake, mutane su daina karanta ƙuduri tunda oga ya gama magana. Ka bar 207 yadda take, kowa da ƙuri'arsa ɗaya, in kana son ladabtarwa a cire wa mai bijirewa maki biyu ko uku ya isa. Haka ma ƙayyade jam'iyyu biyu irin SDP da NRC na zamanin Babangida, in ba ku kai goma ba ɓangare ɗaya zai danne wasan har ƙarshe.

Kuma ka dunƙule komai a doka ɗaya ko biyu, 209 ba ta yarda dokokin da ake canzawa su wuce 25 ba, ga 13 tun farko. In ka rubuta ka turo nan mu duba maka kafin ka kai gaban 'yan wasan.