Tambayoyin Masu Karatu: Madubin Saiti Ɗaya Zai Ishi Bindigogi Uku?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mazaunin jihar Texas ne a Amurka, shekara 11 ke nan, kuma abokan aiki ne suka ja ni cikin harkar farauta har na yi lasisi. A yanzu ina da bindigogi uku: .243 Winchester wadda nake harbin barewa da ita, da .308 Winchester, da kuma .300 Winchester Magnum da na saya domin farautar elk, wata babbar dabba dangin barewa, a duwatsun Colorado. Kuɗin da na tara zai sayi madubin saiti ɗaya mai kyau, ko kuma uku masu araha. Shin zan iya sayen ɗaya in riƙa cire shi daga wannan bindiga ina ɗaura wa waccan? Idan zai yiwu, wane iri zan nema?
Daga mai karatu a Houston

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, abin da kake so zai yiwu, amma tambayarka biyu ce a dunƙule, kuma gara mu warware su. Ta farko ita ce ko akwai madubin da zai dace da harsasan nan uku, amsarta kuwa mai sauƙi ce: akwai. Ta biyu ita ce ko madubin zai riƙe saitinsa idan yana yawo tsakanin bindigogi, kuma a nan ne aikin yake.

Madubi bai san girman harsashi ba. Abin da ya sani shi ne shurin da bindiga take yi idan ta tashi, saboda haka ka yi zaɓinka da bindigar da ta fi ƙarfi a cikin ukun. Harsashin .243, wanda ya fito a 1955, kwanson .308 na 1952 ne aka matse wa wuya, kuma shurinsa kaɗan ne, shi ya sa ake fara koya wa matasa harbi da shi. Ita kuwa .300 Winchester Magnum ta 1963 tana tura dalma mai nauyin giren 180 (giren shi ne ma'aunin nauyin dalmar harsashi) da saurin ƙafa 2,960 a daƙiƙa, daidai saurin da .243 take tura dalma mai giren 100, kuma shurinta ya kai kusan ninki uku na ƙaramar. Madubin da ya jure wa babbar zai zauna a kan sauran biyun lafiya lau. Wanda aka ƙera da araha yana iya yin shekaru a kan .243 ba tare da matsala ba, amma ya fara sakin saiti bayan 'yan kwalayen harsashi a kan babbar.

Wannan shuri ne kuma ya sa tazarar da ke tsakanin ido da madubi ta zama abu na farko da zan ce ka duba a jikin kwali. Ka nemi wanda yake ba da cikakken hoto alhali idonka yana nesa da shi da inci 3.5 zuwa 4, wato kimanin santimita 9 zuwa 10, kuma ka gwada shi a mafi girman kusantowarsa, domin a madubai da yawa tazarar tana raguwa idan aka ƙara kusantowa. Na taɓa ganin wani a filin gwajin harbi ya miƙa wuya ya manna ido domin hoton ya cika, bindigar na tashi bakin madubin ya tsaga masa gira, tsaga mai siffar jinjirin wata, jini ya rufe masa ido. Raunin ya warke, amma mutumin ya daɗe yana runtse ido kafin ya taɓa kunama, kuma wanda yake runtse ido ba ya samun abin da ya auna. A Colorado za ka iya samun kanka kwance a gangaren dutse kana harbi sama, inda goshi yake ƙara matsowa kusa da madubi, saboda haka kada ka yi sassauci a nan.

Batun kusantowa ba ya buƙatar dogon bayani. Madubi mai lamba 3-9x40 yana kusanto da abu ninki 3 zuwa ninki 9, faɗin gilashinsa na gaba kuma milimita 40 ne, kuma wannan ya wadaci mafarauta shekara da shekaru. Da ni ne a matsayinka, zan ɗauki 2.5-10x42 ko 3-15x44. Lambar ƙasa ta fi muhimmanci fiye da yadda masu saye suke zato, domin barewar da ta ɓullo daga sarƙaƙiya a yadi 40 ba za ka same ta cikin madubin da ya fara daga ninki 6 ba sai ta wuce. Sannan dokar Texas ta ba ka damar harbi daga minti 30 kafin fitowar rana zuwa minti 30 bayan faɗuwarta, kuma a waɗannan lokuta na duhu-duhu ne dabba ta fi fitowa. Idan ka raba faɗin gilashin gaba da yawan kusantowa za ka san faɗin hasken da ke shiga idonka: 42 a raba da 6 ya ba da milimita 7, wanda shi ne iyakar buɗewar ƙwayar idon matashi, na mai shekaru kuwa ba ya cika wuce 5. Ka ga ke nan a irin wannan kusantowa gilashi mai faɗin milimita 56 nauyi kawai zai ƙara maka, kuma madubi mai nauyi ya fi saurin zamewa cikin zobban da suke riƙe shi idan bindiga mai shuri ta tashi.

Akwai abu ɗaya da nake so ka guje wa. Madubai da yawa suna zuwa da ɗigo-ɗigo a ƙarƙashin gicciyen saiti, an ce wannan na yadi 200 ne, wancan na 300, na ƙasa na 400. An lissafa ɗigon ne da faɗuwar harsashi guda mai sauri guda. Harsashin .308 mai giren 150 yana fita da saurin ƙafa 2,820 a daƙiƙa, kuma yana faɗuwa fiye da sauran biyun idan tafiya ta yi nisa, don haka ɗigon da ya yi wa ɗaya daidai zai yaudare ka a kan ɗayan. Ka nemi gicciye marar ado, ko mai zane-zanen awo da ke tafiya daidai wa daida, na MOA ko na mil (ma'aunan kusurwa ne da ake gyara saiti da su), waɗanda ba su jingina da wani harsashi ba. Idan ka ɗauki mai zanen awo, ka tambaya ko zanen yana girma tare da hoto idan an ƙara kusantowa. Idan yana girma, awonsa daidai ne a kowane mataki, idan kuma ba ya girma, awon yana aiki ne a mataki ɗaya tak, galibi na ƙarshe.

Yanzu mu zo ga inda gizo yake saƙa. Saiti yarjejeniya ce tsakanin madubi da bututun bindiga guda, kuma babu bindigogi biyu da aka huda musu ramukan sukurori a daidai wuri ɗaya, ko da daga masana'anta ɗaya suka fito. Ka saita madubi a kan .243 har harsashi uku su shiga rami ɗaya, ka mayar da shi kan .308, za ka iya tarar da harsashin ya sauka inci 6 a hagu da inci 4 a ƙasa a yadi 100, wani lokaci ma ya kauce wa takardar baki ɗaya. Gyaran ba wuya. A yawancin madubai kowane ƙas ɗaya na murɗin saiti rubu'in MOA ne, wato kimanin rubu'in inci a yadi 100, saboda haka a misalin nan za ka murɗa ƙas 24 zuwa dama, 16 zuwa sama. Abin da ake bukata shi ne madubin da murɗinsa yake faɗin gaskiya: idan ka je 24 ka dawo 24, ya koma inda ya taso. Wannan shi ne ainihin abin da kake biya wa kuɗi a madubi mai tsada, kuma shi ne abin da mai araha ya fi gazawa a kai. Ka gwada shi tun kafin lokacin mayarwa ya wuce. Ka harba uku, ka murɗa 16 sama ka harba, 16 dama ka harba, 16 ƙasa ka harba, 16 hagu ka harba. Idan na ƙarshen bai koma kan na farko ba, ka mayar musu da kayansu.

Domin cirewa da mayarwa, ka sa wa kowace bindiga shimfiɗar ƙarfe mai tsaga-tsaga da ake kira Picatinny, wadda sojojin Amurka suka tsayar da awonta a 1995. Amfaninta shi ne faɗin tsagoginta da tazararsu iri ɗaya ne ko wane kamfani ya ƙera ta, ba kamar ta Weaver ba, wadda tsagoginta suka fi ƙunci kuma tazararsu ba ta da ƙa'ida. Wannan zai taimake ka ƙwarai, domin .243 da .308 gajerun harsasai ne masu gajeren gida (wato sashen bindiga da harsashi yake shiga, wanda ake ɗaura madubi a kansa), .300 kuwa gidanta dogo ne, kuma idan ba doguwar shimfiɗa ka sa ba, zobban ba za su faɗa wuri ɗaya ba. Zobban su zauna a jikin madubi dindindin, ƙafafunsu kawai za ka riƙa kwancewa. A kowace bindiga ka sa alama a tsagar da ƙafar gaba take shiga, ka tura madubin gaba har ya tokare kafin ka ɗaure, ka kuma ɗaure da sukundireba mai auna ƙarfi bisa adadin da kamfanin zobban ya rubuta, kullum adadi ɗaya. Daga nan sai ka ɗauki .308 a matsayin tushe, ka mayar da lambar murɗin kan sifili a kanta, ka rubuta a ƙaramin kati ƙas nawa ne zuwa .243 da ƙas nawa zuwa .300, tare da sunan harsashin da nauyinsa, ka liƙa katin a gindin kowace bindiga.

Duk da wannan, ina roƙonka kada ka fita daji bayan sauya madubi sai ka harba aƙalla uku a takarda. Katin zai kawo ka kusa, takarda ce za ta tabbatar. Kuskuren inci 2 a yadi 100 ya zama inci 6 a yadi 300, kuma wannan ya isa ya ɗauke harsashi daga huhu ya kai shi tumbi, dabba ta gudu da rauni ta je ta mutu a wahale inda ba za ka same ta ba. Wanda ya ambaci sunan Allah kafin ya taɓa kunama bai kamata ya bar wannan ga sa'a ba.

Ra'ayina a ƙarshe shi ne ka raba kuɗin biyu maimakon ɗaya ko uku. Farautar elk da bindiga a Colorado tana faɗawa a Oktoba da Nuwamba, ta barewa a Texas kuma tana buɗewa a farkon Nuwamba, don haka sauyin zai riske ka ne a daidai lokacin da ba ka da sukunin zuwa filin gwaji. Ka sa mafi yawan kuɗin a madubi mai kyau wanda zai yi yawo tsakanin .308 da .300, tunda da wuya ka buƙaci su biyun a mako ɗaya, ka sayi 3-9x40 matsakaici daga kamfani irin su Leupold ko Vortex, waɗanda suke ba da garanti na tsawon rayuwar kayan, ka ɗaura wa .243 ka bar shi a can.

TAMBAYA: Ina aiki a wani sansanin farauta mai lasisi kusa da gandun dajin Benuwe. Madubin da baƙi suke harbin gwanki da shi zai yi a kan bindigar .375 idan za a bi ɓauna?
Daga mai karatu a Garwa, Kamaru

AMSA: Ɗan'uwa, idan madubin mai ƙarfi ne zai jure wa .375 H&H, harsashin da yake aiki a dazukan Afirka tun 1912, amma jurewa kaɗai ba ta isa ba. Ɓauna a cikin doguwar ciyawa ana haɗuwa da ita ne a kusa, wani lokaci a taku 20, kuma madubin da ya fara daga ninki 4 zai nuna wa mai harbi baƙin gashi kawai ba tare da ya san wane sashe na jikinta yake kallo ba. Wannan aiki yana son madubi mai lamba 1-4 ko 1.5-6, a ajiye shi a lambar ƙasa, mai tazarar ido inci 4, a kan zobba masu hannun kwancewa da sauri, yadda idan dabba ta ji rauni ta shige kurmi za a zare madubin a bi ta da saitin ƙarfe na jikin bindiga. Idan baƙo ya zo da 1.5-6 ko 2-7, zai iya harbin gwankin da shi ma, domin a irin dajinku mai itatuwa harbi ba ya cika wuce mita 200.