Tambaya da Amsa: Hawan Dutsen Tubkal a Tsakiyar Sanyi

Wasiƙu uku ne suka iso mana a kan tafiya cikin tsaunukan Atlas na ƙasar Maroko a lokacin sanyi, don haka muka haɗa su wuri guda a wannan fitowa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne ɗan asalin Katsina, ina karatu a birnin Rabat. Abokan karatuna sun shirya hawa Dutsen Tubkal a hutun watan Janairu, kuma sun ce kwana biyu kacal za mu yi, mu je mu dawo. Ban taɓa taka dusar ƙanƙara ba, amma na saba da hunturu, kuma ina da rigar sanyi mai kauri da takalmin motsa jiki. Shin sun wadatar?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kayan ba su wadatar ba, kuma kwana biyun ma sun yi kaɗan ga wanda bai taɓa hawa ba. Tubkal shi ne dutse mafi tsawo a Arewacin Afirka, ƙololuwarsa tana kan mita 4,167, kuma yana da nisan kimanin kilomita 65 kudu da Marakesh. Domin ka auna abin a ranka, Chappal Waddi da ke Jihar Taraba, wanda babu dutsen da ya kai shi tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne, alhali masaukin da mahaya Tubkal ke kwana a cikinsa kafin su nufi ƙololuwa yana kan mita 3,207. Mota tana ajiye mutane ne a ƙauyen Imlil, wajen mita 1,750, daga nan kuma sai ƙafa: awa biyar zuwa shida har masauki, sannan a tashi kafin asuba a yi wasu awa uku zuwa huɗu a kan ƙanƙara kafin a isa wani ƙarfe mai kusurwa uku da aka kafa a saman dutsen.

Sabon da ka yi da hunturu ba zai amfane ka sosai ba. Sanyin hunturu busasshe ne, kuma da hantsi ya ɗaga yakan sassauta, amma na tsauni tafe yake da iska da jiƙa, kuma duk mita dubu da ka hau, zafin iska yana raguwa da kimanin digiri shida. A watan Janairu ba abin mamaki ba ne a sami digiri goma ƙasa da sifiri a saman Tubkal, ban da abin da iska ke ƙarawa. Abin da ya fi cutar da baƙo kuwa shi ne zufarsa. Ni kaina na ɗanɗana wannan a hawana na farko, domin na sa singiletin auduga a ƙarƙashin jibgegiyar riga, na yi ta sauri don kada a ce na gaza, har gumi ya jiƙe mini baya. Da muka tsaya hutawa a Sidi Shamharush, wurin da wani ƙaton dutse da aka shafe da farar ƙasa yake, wanda mutanen yankin ke ziyarta suna danganta shi da sarkin aljannu, ko minti goma ba a yi ba haƙorana suka fara kaɗawa, har na kasa riƙe kofin shayi. Ɗan jagoranmu ya taɓa wuyan rigata, ya girgiza kai, ya sa na tuɓe ta nan take a bayan wata rumfa, ya ara mini tasa ta ulu.

Saboda haka ka bar auduga a gida, har da wandon jins, domin auduga tana shan ruwa ta riƙe shi a jikin fata. Abin da ake so shi ne tufafi hawa-hawa: ta ciki mai laushi ta ulu ko ta zaren roba wadda ke bushewa da wuri, sai ta tsakiya mai riƙe ɗumi, sai ta waje wadda iska da ruwa ba sa ratsa ta. Hikimar ita ce ka rage ɗaya idan tafiya ta ɗauki zafi, ka mayar da ita da zarar ka tsaya, tun kafin jiki ya huce. Rigarka mai kauri tana da amfani, amma a cikin jaka za ta zauna sai lokacin hutu da kuma dare.

Takalmin motsa jiki kuwa, kada ma ka fara. Ana buƙatar takalmin hawan dutse mai tauri a tafi, mai rufe idon sawu, wanda ruwa ba ya shiga, domin a ƙarƙashinsa ne ake ɗaura wasu ƙarafa masu haƙora da ake kira kirampon, waɗanda ke cizon ƙanƙara su hana santsi. Tare da su akwai gatarin ƙanƙara, wanda ake dogarawa kamar sanda, kuma da shi mutum ke tsayar da kansa idan ya zame a gangare. Ba sai ka saya ba, domin akwai shagunan haya a Imlil, sai dai ka gwada takalmin da irin safar da za ka yi tafiya da ita, ka tabbatar yatsunka suna motsi a ciki, sannan ka sa a daidaita maka ƙarafan a gabanka, ka duba igiyoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Kayan haya sun sha hannu, kuma gara ka gano tsinkakkiyar igiya a bakin shago da ka gano ta cikin duhu a kan gangare. Idan kun isa masauki da sauran rana, ka roƙi ɗan jagora ya fita da kai ya nuna maka yadda ake taku da ƙarafan, ƙafafu a ɗan buɗe don kada haƙoran su kama ƙafar wando, da yadda ake kifewa a kan gatari idan an faɗi.

Sauran kayan ƙanana ne amma babu na yarwa a cikinsu: safar hannu biyu, siririya da mai kauri, da hula mai rufe kunnuwa, da fitilar goshi tare da batirin ko-ta-kwana, da jakar barci mai ɗumi. Baƙin tabarau dole ne, domin hasken rana da ƙanƙara ke mayarwa yana ƙona ido, kuma zafin ba ya bayyana sai da dare, mutum ya ji kamar an watsa masa yashi. Man kaɗanya yana hana leɓe tsagewa, amma ba ya tare hasken rana, don haka ka nemi man kariya ko da kana ganin baƙar fata ba ta buƙata. Wayarka da gorar ruwanka ka sa su cikin riga kusa da jiki, in ba haka ba batiri ya mutu, ruwa kuma ya daskare.

Sai maganar kwanaki. Marakesh ba ta kai mita 500 ba, don haka wanda ya bar ta da safe ya kwana a masaukin Tubkal ya ɗaga jikinsa fiye da mita 2,700 a yini guda, alhali shawarar likitoci ita ce, idan an haura mita 3,000, kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a rana. A saman Tubkal, iskar da mutum ke samu a kowane numfashi ba ta wuce kashi 60 cikin ɗari na wadda yake samu a bakin teku da yawa ba. Ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci su ne alamun farko na ciwon tsauni da wannan ƙarancin iska ke jawowa, kuma ƙarfin jiki ko ƙuruciya ba sa hana su. Idan mutum ya fara tangaɗi kamar mashayi, ko maganarsa ta rikice, ko yana haki alhali yana zaune, to a sauko da shi nan take ko da tsakar dare ne. Shawarata ita ce ku ware kwana huɗu: ku kwana biyu a Imlil, ku yi yini guda kuna hawa ɗaya daga cikin mashigan da ke kewaye da ƙauyen ku dawo, sannan ku nufi masauki. Ɗan jagora ba zaɓi ba ne, domin tun bayan kisan wasu mata biyu 'yan yawon buɗe ido kusa da Imlil a watan Disamba na 2018 hukuma ta wajabta shi, kuma jami'an tsaro suna duba takardun shaida a hanya. Idan ya dubi sama ya ce iska ta yi yawa ko ƙanƙara tana iya zaftarewa, ku juya, kada kuɗin da kuka kashe ya sa ku yi masa gardama.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ɗana zai je irin wannan tafiya tare da abokan aikinsa, kuma yaro ne mai tsantsamin abinci, in ba tuwo ko shinkafa da miya ba, sai ya yini bai ci ba. Me ake ci a can, kuma wane guzuri zan haɗa masa? Daga wata uwa a Kano.

AMSA: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, abincin mutanen tsaunin halal ne, mai zafi ne, kuma bai yi nisa da bakin Bahaushe ba. Mazauna yankin Amazigawa ne, harshensu Tashalhit, wanda dangi ne ga harshen Buzayenmu, kuma Musulmi ne 'yan mazhabar Malikiyya. Babban abincinsu tajin, wato nama ko kaza da dankalin Turawa da karas da albasa da zaitun, da ake dafawa a hankali cikin kaskon yumɓu mai murfi kamar malafa, a kewaye shi a ci da gurasa da hannu. Akwai harira, romo mai kauri na tumatir da nau'o'in wake, da kuma bisara, wadda ita ce ta fi burge ni: busasshen wake ne ake dafawa har ya narke kamar kunu mai kauri, a kwarara masa man zaitun, a barbaɗa wani kayan ƙamshi da ake kira kamun, da barkono. Kwano guda da sassafe yana riƙe ciki har azahar. Ranar Juma'a kuma kuskus ake yi, wanda duk wanda ya san dambu ko burabusko ba zai ɗauke shi baƙo ba.

Da karin kumallo za a kawo masa gurasa da amlu, wato markaɗaɗɗen ƙwallon 'ya'yan itacen almon da aka kwaɓa da zuma da man wata bishiya da ake kira argan, kamanninsa kamar markaɗen gyaɗa. Shayi kuwa ba ya yankewa, mai sukari sosai, kuma da sanyi sukan sa wani ganye mai ɗan ɗaci da suke kira shiba a madadin na'ana'a, suna cewa yana ɗumama jiki. A masaukin sama abincin ya fi sauƙi, yawanci miya da taliya ko shinkafa ko tajin, domin komai a bayan alfadari ake hawa da shi har inda ƙanƙara ta fara, daga nan kuma sai 'yan dako su ɗauka a baya. Ko girkin ma yana da wuya a can, saboda a wannan tsawo ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 90, wake da nama su daɗe ba su nuna ba sai da tukunya mai matse tururi.

Abin da nake so ki jaddada masa shi ne ya ci ko ba ya marmari, domin tsawo yana kashe sha'awar abinci a daidai lokacin da jiki ya fi ƙona shi, kuma ya sha ruwa akai-akai ko da bai ji ƙishirwa ba. Guzurin da ya fi dacewa shi ne wanda za a ci a tsaye ba tare da an cire safar hannu ba: ƙuli-ƙuli, da dakuwa, da soyayyiyar gyaɗa. Ki haɗa masa da ƙullin yaji, domin girkinsu ƙamshi ne da shi amma ba shi da zafin barkono irin namu. Dabino da busasshen ɓaure kada ki wahalar da kanki, suna nan tuli a kasuwar Marakesh. Kilishi da dambun nama kuwa, ya fara binciken dokar shiga da nama ta filin jirgin sama kafin ki yi ɗawainiya.

TAMBAYA: Malam, ina shirin zuwa ziyara Fas, kuma ina sha'awar in ƙarasa Tubkal daga nan. Rukunin jinina AS ne, ban taɓa ciwon sikila ba. Akwai haɗari? Yaya kuma ake yi da alwala a irin wannan sanyi? Daga wani mai karatu a Damagaram.

AMSA: Alhaji, Allah ya karɓi ziyara. Akwai haɗari, kuma wannan tambaya ta shafi mutanenmu fiye da yawancin masu hawa dutsen. Mai SS bai kamata ya je wannan tsawo ba sam. Mai AS yakan yi rayuwarsa lafiya lau a ƙasa, amma idan ƙarancin iska ya haɗu da wahalar hawa da ƙarancin ruwa a jiki, ƙwayoyin jini suna iya lanƙwashewa su toshe hanyoyin jini na saifa, kuma an sha ganin haka ga matafiya a tsaunukan da suka haura mita 2,000. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci ya harba zuwa kafaɗa, kuma wanda ya ji shi sai ya sauko ya nemi asibiti, ya faɗa wa likita rukunin jininsa tun da fari. Ka ga likitanka kafin ka yanke shawara, kuma kada ka sha maganin ciwon tsauni da ake kira Diamox sai da izininsa. Da ni ne kai, zan tsaya a Imlil da ƙauyukan da ke kewaye da ita, inda ake ganin farar ƙololuwar daga cikin gonakin tufa, a sha shayi a dawo.

Game da alwala, akwai ruwa a masauki, kuma idan ka roƙa za a ɗumama maka kaɗan a kicin. Ka tsane hannu da ƙafa sarai kafin ka mayar da safa, domin jiƙaƙƙen yatsa ne ke saurin daskarewa, kuma a baƙar fata ba a cika ganin alamar da wuri ba, sai dai mutum ya ji wurin ya mutu. Idan hakan ta faru kada ka murza, kada ka kara a wuta, ka cusa hannun a hamata har ji ya dawo. A kan hanya kuwa, shari'a ta yi rangwamen taimama ga wanda ke tsoron ruwa ya cutar da shi, kuma dutse mai tsarki ba ya wuyar samu a can, sai dai sharuɗɗan taimama da na shafa a kan huffi ka zauna da malaminka ya warware maka su kafin ka tashi. Ka kuma duba kalanda, domin a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne cikin Fabrairu da Maris, tsakiyar lokacin ƙanƙara, don haka in ziyarar taka ta zo cikin watan, ka ɗage hawan zuwa bayan salla.