Gabana na faɗuwa in na je cinikin mota, ta ina zan fara tayi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Samaru, Zariya. Shekara 4 ina tara kuɗi, na haɗa da bashin da na karɓa a ƙungiyar ma'aikatanmu, yanzu ina son sayen mota, Corolla ko makamanciyarta. Sau biyu ina zuwa wurin masu sayar da motoci, amma da sun kewaye ni kowa na faɗin tasa sai gabana ya faɗi, in kasa ko tayawa. Ina tsoron in taya da tsada a yi min dariya bayan na tafi, in taya da araha a ce na raina musu kaya. Yanzu kuma wani ƙanin maigidana ya samo min wata da ta fi waɗanda na gani sauƙi da kusan miliyan 2. Ya ce tana da lamba, an riga an yi mata rajista, saboda haka babu matsalar takardu. Don Allah a ba ni shawara.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya sa albarka a abin da kika tara. Faɗuwar gaban nan kowa na yin ta, har alhazan da suke shigo mana suna baza babbar riga, su dai sun iya ɓoyewa ne. Mutanen da suka kewaye ki kuwa, yawancinsu 'yan kayi-nayi ne, kowa na jiran a ɗora nasa a kan kuɗin da za ki biya. Ki yi sallama, ki tambayi mai motar ko mai wurin, ki ce da shi kike son magana. Rabin hayaniyar za ta watse nan take.

Ranar farko ta kallo ce. Ki zaga wuri uku, ki tambayi kuɗin mota iri ɗaya, ƙirar shekara ɗaya, sannan ki sa a jiyo miki farashinta a Kaduna da Kano. Za a tambaye ki, "Hajiya, nawa ne a hannunki?" Ki mayar da tambayar: nawa aka sa mata? Duk kuɗin da kika faɗa da bakinki, daga nan cinikin zai tashi, kuma sama zai yi. In kin taya aka ce "albarka", ba zagi aka yi miki ba, haka ake buɗe ciniki ko a kasuwar Sabon Gari. A tsawon zamana a wannan sana'a ta dillancin mota ban taɓa ganin dillalin da ya kori mai saye saboda ya taya ƙasa ba. Amma ki sa tayinki ya zo da hujja: tayoyi sun ci, batir ya yi sanyi, an sake fenti a ƙofar baya. Wannan aikin bakanike ne, naki wanda kika zo da shi, kuma ki biya shi kuɗin wuninsa tun daga gida, domin in ba ki sallame shi ba, can wurin za a sallame shi. A ɗana motar daga Kwangila zuwa Samaru a dawo, ya saurari inji da giya.

Ki kuma bambance "sabuwa" da sabuwa. Yawancin abin da muke kira sabuwa a nan tokumbo ce, wani ya hau ta a Amurka ko Turai. In dal a leda kike nufi, irin Peugeot ɗin da ake haɗawa a Kaduna, ragin da kamfani ke yi kaɗan ne. A can abin da ake nema shi ne ƙari: sabis na farko kyauta, rajista, inshora. Ki tambaya ko harajin VAT na kashi 7.5 yana cikin kuɗin da aka faɗa, kuma a rubuta miki ranar da farashin zai daina aiki, don tun da aka bar kasuwa ta riƙa yanke darajar naira a Yunin 2023 kuɗin mota dala yake bi.

To, yanzu mu zo kan motar ƙanin maigidanki, don ita ta hana ni sukuni tun da na karanta wasiƙarki. In dillali ya ƙware ki a ciniki, dubu ɗari biyu ko uku zai ci a kanki, ki ji zafi mako guda, motarki tana ƙofar gida. Maganar nan ta "tana da lamba" kuwa, motar gaba ɗaya take cinyewa. Kullum sai na ji ta, daga bakin malaman jami'a har 'yan kasuwa, kuma na gaji da ita.

Lamba daban, kuɗin fito daban. Lamba shaida ce cewa an yi wa motar rajista don ta hau titi. Kuɗin fito, wanda muke cewa duti, hukumar kwastam ake biya lokacin da motar ta shigo ƙasa. A ƙa'ida sai an nuna takardun kwastam ake ba da lamba, amma kowa a harkar nan ya san ana shigar da na jabu su wuce. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar jiragen ruwa. 'Yan fasa-ƙwauri suka ci gaba da biyo daji da motocin Kwatano cikin dare, a wanke, a maƙala lamba, wani lokaci har a ɗan hau ta wata biyu don ta yi kama da ta hannu. Miliyan biyun da kike ganin an rage miki, sau da yawa kuɗin gwamnati ne da ba a biya ba, kuma bashin yana bin motar duk hannun da ta shiga. Ranar da jami'an sintiri suka tsayar da ke a hanyar Kano ko ta Kaduna, ba ruwansu da wanda ya shigo da ita, wanda ke riƙe da makulli suka sani.

Na ga wani dattijo da ya zuba kuɗin sallamarsa daga aiki a irin wannan mota. Ya hau ta kusan shekara lafiya lau, har yana yi min tsiya cewa na so in cuce shi da tawa mai tsada. Ranar da zai kai iyalinsa biki aka tare su, aka sauke su da kayansu a bakin titi. Wanda ya sayar masa ya kashe waya. Har yau in ya gan ni sai ya kau da kai, ni kuma wallahi tausayinsa nake ji.

Akwai kuma wadda ta fi wannan ɓoyuwa: an biya duti, takardun na gaske ne, amma an rubuta motar a matsayin tsohuwar ƙira don kuɗin ya ragu. In aka gano, mai motar ne zai cika. Don toshe wannan ƙofa ne kwastam suka fara ƙiyasta kuɗin fito da lambar shasi a 2022. Masu tallan "gwanjon kwastam" a Facebook da WhatsApp, waɗanda ke sa hoton wani cikin kaki su ce a tura kuɗin fom a asusun mutum, su ba na ma ɓata bakina a kansu, ɓarayi ne kawai.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda muke jin kunyar tambaya. Mutum zai ƙwanƙwasa kankanar ɗari biyar sau uku kafin ya biya, amma a motar miliyoyi sai ya ce ai ɗan uwa ne ya kawo, ba daɗi a nemi takarda. Shi ɗan uwan wataƙila bai sani ba, shi ma faɗa masa aka yi. Mu dillalai kuma mu ji tsoron Allah: wanda ya san aibin kaya ya ɓoye, ya ci haram, ko da wane suna ya kira la'adar.

Ga yadda za ki yi. Lambar shasi tana da haruffa da lambobi 17, za ki gan ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin ginshiƙin ƙofarsa. Ki kwafe ta da hannunki. Ki karɓi takardar kwastam da ake kira SGD da rasidin biyan duti, ki duba lambar, ƙirar da shekarar ko sun yi daidai da motar. Daga nan ke da maigidanki ku je ofishin kwastam a Kaduna a duba muku a kwamfuta. Akwai zirga-zirga, za a iya cewa ku jira ko ku dawo, ku daure. Kafin wannan kada ki ba da ko kafin alƙalami, sai in an rubuta cewa za a mayar miki in takardu ba su fita ba. In an sallama, ki biya ta banki zuwa asusun mai motar ko kamfanin, a rubuta yarjejeniya da lambar shasi da shaidu biyu, la'adar dillali kuma a yanke ta tun kafin a fara ciniki. Ki ware kuɗin canjin suna, sabis da inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023.

Shi kuma ƙanin maigidan naki, ba sai kin yi musu da shi ba. Ki bar yayansa ya ce masa a turo hoton SGD da na lambar shasi yau ɗin nan. Mai mota mai tsabta minti biyar ya ishe shi. In aka fara cewa takardun suna Legas, ko mai su ya yi tafiya, ko akwai wani mai saye da ke jira da kuɗi a hannu, ki yi godiya, ki bar wa wancan mai sayen.