Manaja ya ce in ajiye aiki saboda ina da juna biyu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina aiki a wani kamfanin ruwan leda a Kakuri, ɓangaren shirya kaya, yau shekara biyu da rabi. Albashina Naira 80,000. Yanzu cikina wata shida. Tun da manaja ya lura, duk ranar da na je awo sai ya yanke mini kuɗin ranar. Makon jiya ya ce in rubuta takardar ajiye aiki, in na yaye in dawo a sake ɗaukata. In rubuta? Wata mai karatu daga Unguwar Nasarawa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sauke ki lafiya. Kada ki rubuta, kuma kada ki sa hannu a takardar da wani ya rubuta da sunanki. Ranar da kika yi haka, a idon doka ke kika tafi da kanki: babu hutun haihuwa, babu kuɗinsa, kuma alƙawarin "ki dawo" na baka ne, ba abin da za ki riƙe.

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba ki hutun mako 12. Shida kafin haihuwa, da zarar kin kawo takardar likita mai cewa ana sa ran haihuwarki cikin mako shida, sai shida bayan haihuwa, wanda a cikinsu dokar ta hana a sa ki aiki ko da ke kika nema. Kwana 42 ke nan, kin yi arba'in har da ɗoriyar kwana biyu. Tunda kin wuce wata shida kina yi musu aiki ba yankewa, dole su biya ki aƙalla rabin albashi, wato Naira 40,000 a wata. In kin dawo kina shayarwa, kina da rabin awa sau biyu a rana cikin lokacin aiki. Haka kuma ba su da ikon ba ki takardar sallama kina cikin hutun, ko su auna notis ɗin da zai ƙare a cikinsa, har da kwanakin da likita ya ƙara miki saboda laulayi ko matsalar haihuwa. Kuɗin asibiti kam dokar ba ta ɗora musu ba, sai in yarjejeniyarku ta ce haka.

Amma ki lura da wani giɓi, domin ta nan mata da yawa ke cutuwa. Hanin sallamar nan ya shafi lokacin hutu ne, ke kuwa da sauran makonni kafin ki shiga. Mai aikin da ya kai shekara biyu bai kai biyar ba, notis ɗin mako biyu a rubuce dokar ta tanadar masa. Idan suka bi ta nan, abin da zai tsaya miki shi ne hujjar cewa cikin ne dalili. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki ya hana nuna bambanci saboda jinsi, kuma tun gyaran 2010 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ke da hurumin irin wannan ƙara. Kotun ba ta ɗaukar maganar da wasa: a Janairun 2023 reshenta na Akure ya soke ƙa'idar 'yan sanda da ta ba da damar korar 'yar sandar da ta yi ciki ba aure. Sai dai alƙali da takarda yake aiki, don haka tun yau ki fara tara takardunki.

Ki je asibitin da ke da likita mai rajista, kamar Gwamna Awan da ke kusa da ke ko Barau Dikko, ki karɓi takarda mai ranar da ake sa ran haihuwa da hatimi. Katin awo na ƙaramin asibiti, wanda ungozoma ta cike, kamfani na iya ƙin karɓa. Ki rubuta wasiƙa gajera kina sanar da su cikin da ranar da kike so ki fara hutu, ki yi kwafi biyu, wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a naki. In ya ƙi, ki ɗauki hotonta ki tura wa manaja ta WhatsApp, ki haɗa da saƙo cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, game da maganar ajiye aiki saboda cikina da ka yi mini ranar kaza, ina so in ci gaba da aikina." Duk amsar da ya bayar ki adana. Ki ajiye takardar ɗaukar aiki, katin shaida da saƙon banki na kowane wata, musamman watannin da aka yanke. Ko ba su taɓa ba ki takardar ɗauka ba, laifin nasu ne, domin Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta musu bayarwa cikin wata uku.

Maganar awo kuwa, dokar ba ta ware mata rana ba. Abin da ta bayar shi ne kwana 12 na rashin lafiya a shekara da albashi, da shaidar likita. Ki sanar da ranar awonki a rubuce tun da wuri, ki nemi musayar shif. Kuma ki daure kada ki yi fashi ba sanarwa, don da shi za su fake.

Idan abin ya ƙi, ki kai koke ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kaduna, su kira su a zauna sulhu. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam duk suna da ofis a nan, Kotun Ma'aikata ma tana da reshe a Kaduna.

TAMBAYA: Matata malama ce a makarantar kuɗi a Rigasa. Mun ji Kaduna na ba da hutun haihuwa wata shida, amma mai makarantar ya ce kwana 40 kawai. Wani magidanci.

AMSA: Malam, wata shidan nan da gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta amince da shi a 2019 na ma'aikatan gwamnatin jiha ne. Bai hau kan makarantar kuɗi ba. Kwana 40 kuwa bai ma cika mako shidan bayan haihuwa ba. Mai makarantar zai iya cewa koyarwa aikin ƙwararru ne, waɗanda Sashe na 91 na Dokar Ƙwadago ya fitar daga cikin dokar, don haka ku fara duba abin da takardar ɗaukar aikinta da ƙa'idojin makarantar suka ce, ku nuna wa lauya. In uwargida ta fi son ta yi aiki har dab da haihuwa ta haɗa mako 12 a baya, dokar ba ta ce a mayar mata da na gaba ba. Sai ta nemi amincewar mai makarantar a rubuce tun kafin watanta ya kama.