Husufin rana na 2027: amsoshin likita kan ido, juna biyu da lissafin dawowarsa

Tambaya: Likita, na ji ana cewa za a yi husufin rana a 2027. Zai shafe mu? Kuma in rana ta dushe, me zai hana a kalle ta? (Wani malamin firamare daga Gusau)

Amsa: Gaskiya ne, Malam. Ranar Litinin, 2 ga Agusta 2027, wata zai shiga tsakaninmu da rana. Duhu sosai zai ratsa kudancin Sifen, Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libya, Masar, Saudiyya har da Makka da Jidda, sannan Yaman da Somaliya. A kusa da Luksor ta Masar zai kai minti 6 da daƙiƙa 23. Mu a arewacin Najeriya da Nijar, wani ɓangare na rana ne kawai zai rufe, da hantsi.

Wannan na ɓangaren shi ya fi tayar min da hankali. A rana ta yau da kullum, ko ka ɗaga kai, zafin hasken zai sa ka runtse ido nan take. Idan wata ya rufe wani yanki, hasken yana raguwa har mutum ya iya ƙura ido, alhali ɗan abin da ya rage ya isa ya lalata tantanin da ke can ƙuryar ido, wanda ke ɗaukar hoton duk abin da muke gani. Tantanin nan ba shi da jijiyar jin zafi. Yaro zai kalla, ya koma wasa yana dariya, sai bayan wasu sa'o'i ko washegari ya ce yana ganin ɗigo a tsakiyar allo. Ga shi watan Agusta tsakiyar damina ne, kuma siririn gajimare yana ruɗin mutum ya ɗauka an samu kariya. Ba kariya ba ce. Ina roƙon ka, ka fara gaya wa ɗalibanka tun yanzu.

Tambaya: Ni mai walda ne. Gilashin aikina zai yi? Yarana kuma sun ce baƙin tabarau ko fim ɗin hoton ƙashi na asibiti ya wadatar. (Daga Maraɗi)

Amsa: Gilashin walda mai lamba 14 yana yi. Sai dai da yawa daga waɗanda ake aiki da su a shago ba su kai wannan duhun ba, don haka in babu lamba a jiki, a bar shi. Baƙin tabarau ba ya yi, ko an haɗa uku. Haka fim ɗin hoton ƙashi, da faifan CD, da gilashin da aka kanga a hayaƙi, da kallon rana a cikin ruwan kwano. Tabarau na musamman shi ne mai ɗauke da lambar ISO 12312-2, kuma in ya huje ko ya karce, ya tashi daga aiki.

Hanyar da ba ta cin ko sisi: ka huda ƙaramin rami a kwali, ka juya wa rana baya, haske ya ratsa ramin ya sauka a farar takarda. Za ku ga siffar rana kamar jinjirin wata. Ko ku duba ƙasa a inuwar bishiyar darbejiya, za ku ga irin wannan siffa birjik.

Tambaya: Ina da juna biyu. Surukata ta ce husufi yana nakasa ɗan da ke ciki, kuma ba a cin abincin da aka dafa a lokacin. (Wata baiwar Allah daga Kano)

Amsa: Ki kwantar da hankalinki, Malama. Husufi inuwar wata ce ta faɗo a kan ƙasa, ba ya fitar da wani sabon haske mai guba. Bai taɓa ciki, bai taɓa tukunya. Ki ci abincinki, ki sha maganin ƙarin jininki, ki ci gaba da zuwa awo. Idonki kaɗai za ki kiyaye. Mama kuma a tuna mata cikin ladabi cewa ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi husufi, Annabi ya bayyana cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umarci a yi salla.

Tambaya: Yaya ake sanin ranar tun shekaru kafin ta zo? Wannan ba duba ba ne? (Wani dattijo daga Agadas)

Amsa: Lissafi ne, Baba, irin na kalandar lokutan salla. Hanyar wata ta karkace da kimanin digiri 5 daga hanyar da muke ganin rana tana bi, shi ya sa ba kowane ƙarshen wata ake husufi ba. Sai kusan duk bayan kwana 173 hanyoyin ke dacewa. Mutanen Babila na da can sun gano cewa husufi yana maimaituwa bayan wata 223, wato shekara 18 da kwana 11 da kusan sa'a 8. Ana kiran wannan zagaye Saros. Sa'o'i 8 ɗin nan su ke sa na gaba ya matsa yamma da kusan kashi ɗaya cikin uku na kewayen duniya. Wanda ya duhunta wasu sassan Gana, Najeriya da Nijar a 29 ga Maris 2006, shi ne ya sake bayyana a Meziko, Amurka da Kanada a 8 ga Afrilu 2024.

Bayan zagaye uku, shekara 54 da kusan wata guda, sai ya dawo kusa da yankin da ya bari. Wataƙila kuna tuna duhun 30 ga Yuni 1973 da ya ratsa arewacin Nijar, wanda ya haura minti 7. Ya dawo a 1991 da 2009 a wasu nahiyoyi, na 2027 kuma shi ne zagaye na uku.

Tambaya: In an riga an kalla fa? (Wata ɗaliba daga Zariya)

Amsa: A lura da dishi-dishi a tsakiyar gani, ko miƙaƙƙen layi ya riƙa lanƙwashewa, ko launi ya sauya. In an ga haka, a je wurin likitan ido ba tare da jinkiri ba, a faɗa masa an kalli rana. Kada a ɗiga ruwan albasa, nono ko wani haɗi, raunin yana can ciki inda ba sa kaiwa. Babu maganin da aka tabbatar yana gyara shi. Mutane da yawa ganinsu yana sauƙi cikin makonni zuwa watanni, wasu kuma tabon yana zama har ƙarshen rayuwa, abin da zai hana su karatu ko zura zare a allura.